Layin da Na Ƙara a Saman Fosta

Shekarun baya, lokacin muna haya a Dutse Alhaji, saura ƙiris in raba wata baiwar Allah da sana'arta da mutuncinta saboda layi ɗaya da na rubuta a saman fosta. Yau da na ga 'yan'uwa marubuta suna ta sako tallan littattafansu masu fitowa, wannan na kisan kai, wancan na aljanu, wancan kuma na 'yan leƙen asiri, sai abin ya dawo mini sabo fil. Na ce bari in ba ku, tunda magana ta mutu tuntuni, kuma ita wadda abin ya shafa ta yarda in faɗa muddin ban kama sunanta ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare, rubutu kuwa sai da rana idan na dawo, a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Shekara biyu na yi ina fama da littafina na farko, labarin bincike, irin wanda ake tsintar gawa a babi na ɗaya, a yi ta zargin kowa, sai a shafin ƙarshe asirin mai laifi ya tonu. Muna da guruf a waya mu marubuta mata, aka tsayar da cewa ƙarshen wata za mu saki sababbin littattafanmu a jere. Al'adar ita ce idan saura sati uku sai ki fitar da fosta, ki saki babin farko kyauta, ki kuma miƙa shi ga masu karanta littafi da murya su naɗa, domin yawancin masu bin labaranmu da kunne suke bi. Tela tana kan kekenta tana ji, mai kitso hannunta cikin gashi tana ji, uwargida tana wanke-wanke waya na ajiye a kan taga.

Ina da wata ƙawa a guruf ɗin, ta riga ni shiga harkar da daɗewa, ita labaran aljanu take rubutawa. Na tura mata fostata da zumuɗi, sai ta ce zanen ya yi kyau amma babu gishiri. Ta ce in rubuta a sama cewa labarin gaskiya ne. Na ce mata ai ba gaskiya ba ne, ni na ƙirƙira. Ta yi dariya har da tari, ta ce ita nata da za ta saki, aljani ne ke tuƙa tasi daga Zuba zuwa Bwari, kuma ta rubuta labarin gaskiya ne, har yanzu ba wanda ya tambaye ta lambar motar. Wai kowa ya san ado ne kawai, kamar yadda mai tumatir yake ce miki yanzu aka sauke. Ni kuwa sabuwar shiga, ina tsoron kada littafina ya ɓace a tsakiyar na manya, sai na rubuta. Don ma ku san laifin ba nata ba ne ita kaɗai, ni da kaina na ƙara da cewa ya faru a wata unguwa a Abuja.

To, ga inda ƙurar take. A gidan da muke haya akwai maƙwabciyata, ƙofarta na kallon tawa. Kirista ce 'yar Filato, ta girme ni nesa ba kusa ba, Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama. Kunun zaƙi da kunun aya take sayarwa a bakin layi, gindin wani mangwaro. Da yake wutar unguwar ba abin dogaro ba ce, randuna biyu ta sayo a Ushafa, garin masu ginin tukwane, takan naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, kunun ya yi sanyi mai ƙamshin ƙasa. Kowa nata yake sha, 'yan acaɓa, Kanawa da Katsinawa masu shaguna, har daga gidan liman ana aiko da jug. Lokacin da na haihu, ita ta riƙa dafa mini ruwan wanka kafin mahaifiyata ta iso.

Wata Asabar muna zaune a tabarmata muna tsince aya, ta ba ni labarin rasuwar mijinta. Gadi yake yi a wani ofis a cikin gari. Ya dawo daga aiki da safe, ya sha kunu, ya ce cikinsa na murɗa masa, kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Likitoci suka ce wani abu ne ya fashe a cikinsa. Ta yi kuka, ni ma na yi. Allah Ya yafe mini, tana fita, hawayena bai gama bushewa ba na jawo biro.

Na canza sunaye, na canza unguwa, amma na bar maigadi, na bar kunu, na bar randar Ushafa, har mangwaron ban sare ba. A labarina guba aka sa wa mutumin, kowa ya zargi matar, sai a ƙarshe a gane ba ta da laifi ko na sisin kwabo. Ni a haukana har gani nake karrama Mama na yi. Babin farkon kuwa, wanda na saki kyauta, ya tsaya ne daidai inda miji ke kwance a ɗaki ba rai, matar tana bayan gida tana dirje randa da toka kafin maƙwabta su shigo. Mai karantawar ta ja murya ta ce, me take ɓoyewa, sai ƙarshen wata.

Kwana biyar da sakin odiyon karatun babin, na taso daga makaranta na shiga keke, aka matse ni a tsakiyar wasu mata biyu. Sai ga babina yana tashi daga wayar ta damana. Ku zo ku ga yadda na gyara zama, na gyara hijabi, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Har na buɗe baki zan ce ai ni ce marubuciyar, sai ta haguna ta leƙo ta gabana ta ce wa 'yar'uwarta:

"Kin dai gane ta ko? Matar nan ce ta gindin mangwaro."

Ta daman ta ce ita tun daga wajen randa ta gane. Ta ce maigidanta ya riga ya hana a sake shigo masa da kunun gida. Ta ƙara da cewa dama ta daɗe tana mamakin yadda kunun matar ya fi na kowa daɗi, ashe hannu ne da ya saba zube-zube. Mai keken ma ya sa baki, ya ce ai marubuciyar da kanta ta ce gaskiya ne, mutum ba zai rubuta haka a fili ba sai ya tabbatar. Bakin da na buɗe ban san lokacin da na rufe shi ba. Na ce a sauke ni tun ban kai layinmu ba, na ƙarasa a ƙafa.

Na tarar da Mama a zaune a gindin mangwaro, ƙarfe uku ta wuce, randunan nan biyu a cike. 'Yan acaɓan da suka saba jera baburansu a inuwarta sun koma tsallaken titi, sun gwammace rana. Ta gan ni ta washe baki, ta tambaye ni aiki da yara, sannan ta ce kasuwa ta yi mata wani iri kwana biyun nan, ko geron da ta canza ne bai yi wa mutane ba. Ni mai ilimi, malamar makaranta, sai na ce mata ai zafi ne, alhali zafi shi ke sayar da kunu. Ta dube ni kawai ta ce Allah Ya sa.

Kunun aya ba ya kwana. Da la'asar sakaliya na ji ta a bayan tagata tana tuttular da shi a kwata.

Na kira ƙawata na faɗa mata. Ta ce ai sa'a ce ta same ni, littafin da ake gardama a kansa a cikin keke ya riga ya yi kasuwa. Ta ce in daure sati biyu da 'yan kwanaki, littafi na fita kowa zai ga matar ba ta da laifi, har ma a riƙa tausaya mata. Ba na riƙe ta da wannan, abin da nake son ji ne ta faɗa mini. Masu neman a sa sunansu a layin masu sayen littafin sai ƙaruwa suke, ni kuma na ja bakina na yi shiru har kwana huɗu. Kullum da yamma sai na ji zubar kunun nan a kwata, in tashi in rufe taga, wai don kada sauro ya shigo.

Ranar Lahadi Mama ta dawo daga coci, ko ɗankwalin fita ba ta kwance ba, ta tsaya a ƙofata ta yi sallama. Matar da kan ɗaga labule ta shigo tana tambayar me na dafa, yau ta tsaya a waje. Ashe bayan an tashi, wata daga cikin matan zumuntarsu ta ja ta gefe ta kunna mata odiyon. Ba shi ke nan ba. Mai gidan da muke haya ya aiko mata cewa 'yan haya suna ƙorafi, gara ta fara neman wani wuri kafin damina. Ƙanin marigayi mijinta kuma ya kira daga gida, ya ce ya ji wata magana, yana nan tafe. Duk wannan ta faɗa mini a tsaye, ba ta ɗaga murya ba, da Hausarta irin ta can wadda ba ruwanta da raba mace da namiji.

"Malama, kai ne ka rubuta?"

Na ce ni ce.

"Ranar da na ba ka labarin mijina, ka yi kuka. Kukan ma na littafi ne?"

Sai na kama zuba kamar wadda ke kare kanta a gaban hedimasta, wai ta yi haƙuri, a ƙarshen labarin za a wanke matar tas, ita ce ma tauraruwar littafin. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ba ta cikin littafi, tana bakin layi, kuma a bakin layin aka daina amsa mata gaisuwa. Ta juya ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa. Maigidana yana ciki yana jin komai.

Washegari da aka tashi makaranta na wuce Bwari wajen mahaifiyata, tana zaune a gidan ƙanena. Na tafi da shawarata a hannu, har ina jin kaina wata jaruma. Na ce mata zan saki babin ƙarshe yau, kyauta, kowa ya ji wanda ya yi kisan, littafin ya lalace in zai lalace, wahalar shekara biyu ta tafi a banza amma Mama ta wanku. Ina jiran ta sa mini albarka. Tana yankan kuɓewa, ba ta ko ɗago ba, ta tambaye ni to wa ya kashe mutumin a littafin. Na ce ƙaninsa ne, saboda wani fili. Ta tambaya ko shi mamacin na gaske yana da ƙani. Na ce yana da, shi ne ma yake tafe.

Sai ta ajiye wuƙar.

"Wato za ki sauke kayan daga kan matar, ki ɗora wa ƙanin."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni da nake taƙamar ƙulla labari, ban hango abin da tsohuwar da ba ta taɓa karanta littafin bincike ba ta gani daga kan kwanon kuɓewa. Ta ce ba wani babi da zai gyara ɓarnar nan, domin mutane ba labarin suka gaskata ba, ni suka gaskata. Ta ce ni na ce gaskiya ne, ni zan fito in ce ƙarya na yi, da muryata, da fuskata, ba a bayan takarda ba. Ta miƙe ta yafa mayafi, ta ce wa matar ƙanena ta ƙarasa miyar, ta ce mini mu je.

Kafin mu fita ta sa ni naɗar saƙon murya. Na farkon da na yi, cewa na yi an samu rashin fahimta. Ta ce in goge. Na biyu na ce wasu sun yi wa labarin mummunar fassara. Ta ce in goge, ba wasu a ciki. Sai a na huɗu ta gyaɗa kai. Na faɗi sunana da layinmu, na ce ni na rubuta labarin maigadi da randa, kuma ƙarya na yi da na ce gaskiya ne. Na ce ba wanda ya kashe mijin matar nan, ciwo ya yi ya rasu a asibiti kamar kowa, ni ce na ɗauki baƙin cikin maƙwabciyata na yi talla da shi. Muryata na rawa, na ce a sake, ta ce a'a, wannan ɗin za a tura. Na tura guruf-guruf, na roƙi mai karantawar ta cire babin ta sa wannan a madadinsa. Ta yi mita iya mita, amma ta sa.

Kada ku zaci nan take komai ya gyaru. Saƙon tuban bai yi gudun da babin ya yi ba ko kusa. Wasu suka ce tsoratar da ni aka yi na janye. Wasu suka zage ni tas, kuma sun yi daidai. Wasu marubutan suka ji haushi wai na tona asirin sana'a, ƙawata ta yi wata guda ba ta amsa kirana ba. Da na ga haka, na je na durƙusa a ƙofar Mama, na ce ko za ta ba ni takardar asibiti in ɗauki hotonta in nuna wa mutane. Ta ce takardar tana nan a cikin akwati, amma ba za ta baje takardar mutuwar mijinta a titi don ta sayar da kunu ba. Na ji kunya ta sake rufe ni, domin ko a neman gyaran ma hannu na sake miƙawa cikin kayanta.

Mahaifiyata ce ta san abin yi. Da hantsi ta ɗauki carbinta ta tafi gindin mangwaro, ta zauna a kan bencin Mama, ta ce a zuba mata a babban kofi. Tsohuwa da furfura, ta sha a hankali, tana gaida duk wanda ya gifta, mace ko namiji, tana tambayar mutanen gida kamar ta san su. Ta shanye ta ce a ƙara. Kwana uku ta yi tana wannan zaman, ita da ba ta son zaƙi. Ni kuma ana tashi daga makaranta sai in zo in karɓi ludayi, duk wanda ya rage tafiya in gaishe shi, in ce ni ce marubuciyar nan, ƙarya na yi. Na bi shaguna ɗaya bayan ɗaya na faɗi haka. Na tsallaka titi na faɗa wa 'yan acaɓa, suna kallona suna ƙunshe dariya. Maigidana kuma ya je ya samu mai gidan haya, suka daɗe a zaure, ya dawo ya ce maganar tashi ta mutu.

Akwai wani dattijo Bakatsine mai shagon kayan masarufi, shi ya fara buɗe hanya. Ya saurare ni har na gama, ya shafa gemu, ya ce shi duk ya ji, amma abu ɗaya ke damunsa.

"To Malama, tsakaninki da Allah, wa ya kashe maigadin?"

Na ce, "Alhaji, na littafin ni na kashe shi, da biro, a kan tabarma. Na gasken kuwa Allah ne Ya karɓi abinSa a gadon asibiti."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce lallai 'yan boko ba su da aikin yi. Sannan ya jawo jug daga ƙarƙashin kanta, ya taka da kansa har gindin mangwaro a gaban kowa, ya ce Madam a cika masa. Washegari ogan 'yan acaɓa ya dawo da babur ɗinsa inuwa, wai rana ta ishe shi, sauran suka biyo shi ɗaya-ɗaya. Duk kwanakin nan Mama ba ta ce mini komai ba sai miƙo kofi, ɗauraye wancan.

Ƙanin mijin ya iso ranar Alhamis, wani dogon mutum mai sanyin magana, da buhun dankali a kafaɗa. Na je na durƙusa na faɗa masa abin da na yi tun daga farko. Ya ce shi ai yana asibitin ranar, shi ya karɓi gawar ɗan'uwansa, ba wanda zai gaya masa yadda ya rasu. Ya ce ba tuhuma ta kawo shi ba, ji ya yi ana cin mutuncin matar yayansa a garin da ba ta da kowa, ya bar gonarsa ya taho ya tsaya mata. Wannan ne mutumin da na mayar makashi a babin ƙarshe, babin da saura kaɗan in watsa wa duniya da tambarin gaskiya a kansa. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa, na daɗe ina maimaita Alhamdulillahi, ina yi wa mahaifiyata addu'a.

An ɗauki kusan sati biyu kafin abin ya daidaita, kuma akwai gidajen da ba su sake aikowa ba har muka bar unguwar, wannan yana wuyana. Amma wata rana kafin la'asar, ina riƙe da ludayi, na zura shi na ji ya kankari gindin randa. Na leƙa, babu komai. Na buɗe ta biyun, ita ma haka. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan rana ba, ko ranar da na sauka lafiya ban ji nauyi ya bar ƙirjina haka ba. Na zauna a bencin na fashe da kuka a bakin titi. Mama ta dube ni, ta ce in tashi in kama mata randa mu kai gida, mutane na kallo.

Ƙarshen wata ya zo, kowa ya saki nasa, aljanin tasi ma ya fita ya yi farin jini, nawa yana cikin leda a ƙarƙashin gado. Na gaya wa Mama ƙona shi zan yi. Ta ce a'a, an zage ta da shi, ba za a ƙona ba sai ta ji abin da ke ciki. Haka muka riƙa zama da yamma, tana jiƙa gero ina karanta mata. Ta yi mini dariya ba kaɗan ba. Ta ce wace mahaukaciya ce za ta dirje randar kunu da toka, ai ta ɓata ta ke nan. Ta gane makashin tun a tsakiya, abin da ya ba ni haushi fiye da yadda zan iya faɗa. Da na kai ƙarshe na yi mata alkawarin zan canza komai, sana'ar matar, aikin mijin, garin, ƙanin, har mangwaron. Ta ce wannan ruwana ne. Ta daɗe tana juya geron a cikin ruwa, sannan ta ce abu ɗaya take so.

"Mutumin nan na littafi, ka bar shi ya mutu a ƙasa shi ɗaya, yana kiran matarsa ba ta ji ba. Mijina bai mutu haka ba. Ina riƙe da hannunsa. Wannan ban gaya maka ba ranar, na ajiye wa kaina." Ta share ido da bayan hannu. "Ko na ƙarya ne, kada ka bar shi shi ɗaya. Sa matarsa ta riƙe shi."

Duk wanda ya san labarin bincike ya san abin da ta nema. Ginin littafin gaba ɗaya a kan cewa ba wanda ya ga mutuwar ya tsaya. Idan matar tana wurin, rabin babobin sun rushe. Na ce mata to, ban ko yi gardama ba. Wata biyar na yi ina warwarewa ina sake ƙullawa. Ya fito shi kaɗai a lokacin da ba wanda ke jiransa, bai yi wani tashe ba, kuma a saman fostarsa ba abin da na rubuta sai sunansa da nawa.

Yanzu mun bar unguwar, ita ma ta koma gida wajen 'yarta, muna gaisawa a waya, kullum sai ta tambaye ni wa na kashe kuma kwanan nan. Idan na tuna abin, kunyar tana nan ba ta tafi ba, amma sauƙin ya fi ta yawa, domin na san yadda ya kusa ƙarewa. Ba zan ce wa masu sakin littafi kada su yi talla ba, ni ma ina yi. Abin da na sani shi ne, mutumin da ya zauna a tabarmarki ya buɗe miki cikinsa ba kayan aiki ya kawo miki ba. Na rubuta littattafai bayan wannan, an mutu a cikinsu da yawa, ta wuƙa, ta guba, ta faɗowa daga bene. Masu karatu suna tsokanata wai na cika tausayi, makasana ba sa samun mutum shi kaɗai. Ban taɓa ba su amsa ba sai yau. Duk lokacin da na zo kashe wani a takarda, hannuna ba ya yarda ya ci gaba sai na zaunar da wani a kusa da shi.